Kunshin gwajin jini na mai kumburin muƙamuƙi: wanne ke aiki, wanne cikon takarda ne

Ɗakunan gwaje-gwaje da yawa, na asibiti da masu zaman kansu, sun koma haɗa gwaje-gwajen jini wuri guda su ba su suna ɗaya, likita ya ja layi sau ɗaya a takarda a ɗebi jini a yi su duka. Wanda aka fi rubuta wa mutumin da ciwon haƙori ya kumbura masa fuska yakan ƙunshi ƙidayar ƙwayoyin jini wato FBC, da CRP, wani sinadari da ke hawa a jini idan akwai kumburi, da ESR, wato saurin kwantawar jajayen ƙwayoyin jini a bututu, da suga, da gwajin ƙoda da gishirin jini. Wasu wuraren suna ƙara PCT, wani sinadari da ke hawa idan ƙwayar cuta ta game jiki, da kalcar jini, wato neman ƙwayar cuta a cikin jinin. Kunshin ya cancanci a yi shi, amma ba duk abin da ke cikinsa ne ke da amfani a ranar farko ba, akwai abubuwa biyu da ya kamata su shiga ba su shiga ba, kuma yadda ake fitar da sakamakon yakan ɓata rabin aikin.

Kafin a kai ga lambobi, a san abin da ake tsoro. Saiwoyin matauna na biyu da na uku na ƙasa suna sauka ƙasa da inda tsokar da ke riƙe da ƙasan baki ta manne da ƙashi. Saboda haka idan mugunya ta huda ƙashin ta ɓangaren harshe, ba cikin baki take fashewa ba, ƙarƙashin muƙamuƙi take gangarawa. Daga nan tana iya tsallakawa ɗaya gefen, ta cika ƙarƙashin haɓa da ƙarƙashin harshe, ta tura harshen sama da baya. Wannan shi ne ciwon da wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta a 1836, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Abin da ke kashe mutum a nan toshewar hanyar numfashi ne, kuma babu gwajin jinin da ke auna ta. Mutumin da miyau ke dalala daga bakinsa, muryarsa ta canza kamar yana magana da abu a baki, ba ya iya kwanciya rigingine, bakinsa ba ya buɗuwa ya ɗauki yatsu biyu alhali na mai lafiya yana ɗaukar uku, wannan ba a zaunar da shi a benci jiran takarda. A ɗebi jinin a lokacin da ake sa masa allurar ƙarin ruwa, a wuce da shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma a wannan ciwon maganar ta zauna daidai.

FBC ce ginshiƙin kunshin. Fararen ƙwayoyin jini na babban mutum mai lafiya suna tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita, a takarda sai a ga 4.0 zuwa 11.0. A ƙurjin da ya bazu an saba ganinsu sun haura 12.0, wani lokaci sun wuce 20.0, kuma niyutirofil, wato fararen ƙwayoyin da ke fara tarar ƙwayar cuta, su ne ke ɗaukar kaso mafi yawa, sama da 80 cikin ɗari, limfosayit kuma, wani rukunin fararen ƙwayoyin, su faɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a kan jimillar a ƙi duba rabe-raben. Tsoho, ko mai ciwon suga da ya daɗe, ko wanda ya yi kwana huɗu yana shan amoksisilin da ya saya da kansa, yana iya zuwa da jimilla 9.5, wadda na'ura ba za ta sa mata alamar komai ba, alhali niyutirofil ɗinsa 88 cikin ɗari ne. Jimillar da ta sauka ƙasa da 4.0 a jikin mai zazzaɓi da kumburin wuya kuwa ta fi 25.0 ban tsoro, domin tana nufin ɓargo ya gaza biyan abin da jiki ke ƙonawa.

Akwai lissafi ɗaya da ba ya buƙatar ƙarin jini ko ƙarin na'ura, amma da wuya ka gan shi a takardar sakamako: a raba adadin niyutirofil da na limfosayit. A mai lafiya amsar ba ta cika wuce 3 ba. Idan niyutirofil 13.5 ne, limfosayit 0.9, amsar 15 ce, kuma irin wannan jiki yana cikin wahala ko da mai shi yana zaune yana hira. Masana ba su yi ittifaƙi a kan lamba ɗaya da za a ce daga nan sai tiyata ba, amma hawanta ko saukarta daga yau zuwa gobe yana bin halin majinyacin sosai. Allurar deksametazon da ake yi don rage kumburin maƙogwaro tana ɓata wannan lissafi, domin tana ɗaga niyutirofil ta danne limfosayit ta kuma ɗaga suga. Idan an yi ta, a rubuta a takardar neman gwaji da lokacin da aka yi.

A nan ne ingancin ɗakin gwaji ke fitowa. Na'ura mai raba fararen ƙwayoyi gida uku tana ba da limfosayit, da manyan ƙwayoyi, da wani rukuni na tsakiya da ta tattara sauran a ciki. Ta isa a ga inda aka dosa, amma mai rabawa gida biyar ta fi ta. Ko wacce ce, ba ta maye gurbin a shafa jini a gilashi a rina a duba da madubi. Da ido ne ake ganin ƙwayoyin da ɓargo ya sako ba su gama nuna ba, waɗanda idan sun wuce 10 cikin ɗari ana ƙirga su cikin alamun cutar ta game jiki, ana kuma ganin ɗigo-ɗigon guba a cikinsu. Da ido ne kuma ake kama sankarar jini, wadda wani lokaci da kumburin dasashi da zubar jini da zazzaɓi take fara bayyana, a yi ta wankin haƙori ana canza magani. A jinin mai sikila, ƙananan na'urori suna ƙirga jajayen ƙwayoyin da ba su zubar da cibiyarsu ba a matsayin farare, sai jimillar ta kumbura a banza. Sannan mutane da yawa da asalinsu Afirka ne suna da niyutirofil ƙasa da ma'aunin da aka buga a takarda alhali lafiyarsu lau, don haka 7.0 a wurin irin wannan mutum yana iya zama ninki uku na abin da ya saba. Ɗakin gwajin da ba ya duba gilashi idan na'ura ta ɗaga tuta ya sayar da rabin FBC ne.

PCV da himogulobin, masu auna yawan jini, na ranar farko sukan yi ƙarya ta alheri. Wanda ya yi kwana uku bai iya haɗiyar ruwa ba jininsa ya yi kauri, sai PCV ya fito da kyau. Bayan leda uku ko huɗu na ƙarin ruwa sai ya sauka, a fara neman inda jini ke zuba, alhali ainihin lambar ce ta bayyana. Ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ma'auninsu a takarda ke tsakanin 150 zuwa 400, idan suna sauka kullum to cutar ta shiga jini sosai, sai dai a fara tabbatar da cewa ba dunƙulewa suka yi a cikin kwalbar ba, kuma ba zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da ciwon ba.

CRP ita ce ta fi kowanne biyan kuɗinta, da sharaɗi. Hanta ce ke yin ta idan jiki ya aika mata saƙon kumburi. Takan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ta kai ƙololuwa wajen awa 48, kuma rabinta yana barin jini cikin kimanin awa 19 idan abin da ke tayar da ita ya tsaya. A mai lafiya ba ta wuce miligiram 5 a lita, wasu ɗakunan suna sa iyakar a 10. Ƙurjin da ya tsaya a gindin haƙori yakan ɗaga ta kaɗan, wanda ya shiga ramukan wuya yana kai ta sama da 100, har 200 ko 300. To amma waɗannan awannin su ne sirrin karanta ta. Mutumin da fuskarsa ta fara kumbura da asuba ya zo da hantsi, CRP ɗinsa tana iya zama 12 alhali ciwon gudu yake. Kuma tsaga ƙurji da cire haƙori su kansu rauni ne, suna ɗaga ta. A ce an samu 180 ranar da aka kwantar da shi, washegarin tiyata 210, wannan ba abin tayar da hankali ba ne matuƙar zazzaɓi ya sauka kuma baki ya fara buɗuwa. Lambar kwana na uku ce ake jira. Idan ta koma 120, bayan kwana biyu 50, aikin ya yi. Idan ta tsaya a 200 ko ta ƙara hawa, akwai abin da aka bari: wani aljihun mugunya da ba a kai gare shi ba, ko robar da aka sa don fitar da mugunya ta toshe, ko haƙorin da ya jawo ciwon yana nan a zaune, ko cutar ta gangara bayan maƙogwaro ta nufi ƙirji. Canza antibayotik shi ne abin da hannu ya fi saurin yi, amma shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da za a zarga. Hoton CT na wuya da ƙirji ake nema.

Saboda haka kunshin da ake sayarwa a yi sau ɗaya a tafi an tsara shi ba daidai ba. Kamata ya yi ya zo da CRP da FBC na biyu bayan awa 48 zuwa 72, a ɗakin gwaji ɗaya, da na'ura ɗaya.

Abubuwa uku ke lalata CRP a hannun masu gwaji. Na farko, wasu har yanzu suna yin ta da ɗigon da ake gaurayawa a kan kati, wanda ke ba da amsar akwai ko babu daga miligiram 6 zuwa sama. Kowane mai kumburin fuska akwai zai samu, don haka ba a ƙaru da komai ba, sai in an yi ta tsarma jinin ninki-ninki an ba da kimanin lamba. Na biyu, ƙananan na'urorin gefen gado, waɗanda ke aiki da ɗigon jinin yatsa su ba da amsa cikin 'yan mintuna, da yawansu iyakarsu 200 ce. Suna da kyau ƙwarai a asibitin haƙori don yanke shawarar wa za a tura babban asibiti. Amma majinyacin da ya sauka daga 380 zuwa 240 takardunsa biyu duka "sama da 200" za su nuna, a ɗauka bai motsa ba. A irin wannan hali sai an tsarma samfurin ko an kai babbar na'ura. Na uku, ma'auni. Wani ɗakin yana rubutawa da miligiram a lita, wani a desilita, kuma bambancin ninki goma ne. Lamba 18 a desilita ita ce 180 a lita. An sha sallamar mutum gida saboda wannan ƙaramin harafi. Haka kuma a lura kada a rubuta hs-CRP bisa kuskure, waccan an tsara ta ne don ƙananan lambobi wajen auna haɗarin ciwon zuciya.

ESR cikon takarda ce a ciwon kwana uku. Awa guda cur take ci a bututun Westergren, tana jinkirin hawa, tana makonni kafin ta sauka, ƙarancin jini da juna biyu da tsufa duk suna ɗaga ta, sikila kuma tana danne ta. Inda take da wuri shi ne ruɓewar ƙashin muƙamuƙi da ta yi watanni ana jinya.

PCT tana hawa da wuri fiye da CRP, cikin 'yan awanni, kuma idan ta wuce nanogiram 0.5 a mililita ana zargin ƙwayar cuta ta game jiki, sama da 2 zargin ya yi ƙarfi. Rauninta a wannan fagen shi ne ƙurjin da jiki ya killace yana iya cika da mugunya ita kuwa tana ƙasa. Ga wanda ke ɗakin kulawa ta musamman tana taimakawa wajen sanin lokacin tsayar da magani. Ga kowa da kowa, ƙarin kashe kuɗi ne.

Suga kuwa, in da za a ce a zaɓi gwaji ɗaya tak a yi wa duk wanda ya shigo da kumburarriyar fuska, ita za mu zaɓa. Mutane da yawa a kan gadon ciwon haƙori suke fara jin cewa suna da ciwon suga. Idan suga ta yi yawa niyutirofil ba sa isa wurin cuta da sauri, ba sa kashe ƙwayar da suka haɗiye yadda ya kamata, cutar kuma tana ƙara ɗaga sugar, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Lamba 11.1 milimol a lita, wato miligiram 200 a desilita, a kowane lokaci na yini, ta isa a ɗauki mataki. Don a bambance mai ciwon suga na asali da wanda wahalar ciwo ko deksametazon ta ɗaga masa, ana duba HbA1c, wadda ke nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku, 6.5 cikin ɗari ko sama da haka ciwon suga ne. Ba a dogara da ita ga mai sikila ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Idan sugar ta yi sama sosai a duba kiton, sinadarin da ke taruwa idan ciwon suga ya rikice, a fitsari ko a jini nan take, a kuma leƙa ganda da cikin hanci: baƙin tabo a can ga mai sugar da ta ɓaci alamar fangas ce mai cin nama, kuma maganinta dabam ne gaba ɗaya. Kada a jira ta ɗakin gwaji, a soki yatsa a gefen gado. Ta ɗakin gwaji kuma sai a kwalba mai murfi ruwan toka, domin a sauran kwalaben ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sugar, tana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa, kuma ta fi saurin raguwa idan fararen ƙwayoyin sun yi yawa, wato a jinin irin waɗannan majinyata.

Gwajin ƙoda yana nan don dalili mai ƙarfi. Majinyacin bai sha ruwa ba, zazzaɓi ya busar da shi, kuma kusan ko yaushe ya yi kwanaki yana haɗiyar diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun tare, cikinsa babu komai. Cikin dattin jini biyu da ƙoda ke tacewa, yuriya takan riga kiriyatinin hawa idan ƙarancin ruwa ne kawai. Ana buƙatar lambar kafin a ci gaba da waɗancan magungunan, kafin a ba da jentamaisin, kuma ana son a san ta idan za a sa ruwan hoto a jijiya don CT, ko da yake ba a jinkirta hoton gaggawa saboda ita. Sodiyam ƙasa da 135 tare da CRP 150 ko sama, da kiriyatinin sama da 141, da suga sama da 10, suna cikin abubuwa shida da lissafin LRINEC na 2004 ke haɗawa don zargin cutar da ke cin naman ƙarƙashin fata, sauran biyun su ne fararen ƙwayoyi da himogulobin. Maki 6 zuwa sama abin zargi ne. Ƙaramin maki ba ya wanke kowa, musamman a wuya. Fatar da ta yi duhu, ko ake jin ƙaras-ƙaras na iska a ƙarƙashinta idan an danna, ta fi kowane maki.

Abubuwa biyun da kunshin ya rasa su ne laktet, wani sinadari da ke taruwa idan gaɓoɓi ba sa samun isasshen jini, da gwajin daskarewar jini wato INR. Laktet sama da 2 tana nuna jini ba ya isa gaɓoɓi yadda ya kamata tun hawan jini bai faɗi ba, sama da 4 kuwa gaggawa ce. INR dole ce ga mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, kafin a sa masa wuƙa, kuma metironidazol, wanda kusan kowane mai wannan ciwon ake ba shi, yana ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa. Da za a cire ESR a sa waɗannan biyun, da kunshin ya fi haka.

Kalcar jini, wato a zuba jini a kwalba a ajiye a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, yawanci ba ta fitar da komai a ciwon da ya taso daga haƙori. Tana da ma'ana ga mai zazzaɓi sama da 38 da rawar sanyi, ko mai raunin garkuwar jiki, ko wanda gefen wuyansa ke ciwo tare da tari da ciwon ƙirji, inda ake tsoron gudan jini mai cuta a babbar jijiyar wuya. Idan za a yi, a yi daidai: kafin allurar antibayotik ta farko, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, kwalbar iska da marar iska, daga wurare biyu. Mililita biyu a kwalba ɗaya ɓata kwalba ne. Mugunyar kanta ta fi jini ba da amsa, amma a zuƙo ta da sirinji ta fatar da aka goge, a fitar da iska a toshe a kai da sauri. Auduga a kan tsinke da aka goga cikin baki ƙwayoyin miyau take kwasowa, su kuma ƙwayoyin cutar da ake nema, Prevotella da Fusobacterium da ire-irensu, waɗanda ba sa jure iska, sun mutu kafin a isa.

Yawancin sakamakon banza tun a hannun mai ɗibar jini ake haifarsa. Jerin cika kwalabe shi ne kalca, sai shuɗin murfi, sai ja ko ruwan ɗorawa, sai kore, sai shunayya, ruwan toka a ƙarshe. Idan aka fara da shunayya, ko aka juye jini daga cikinta zuwa wata don a cike, fotasiyam ɗin da ke cikin maganin kwalbar zai fito a sakamako a lambar da mai rai ba ya kaiwa, kalsiyam kuma ya faɗi ƙasa. Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya. Kwalbar shunayya ana juya ta a hankali sau takwas zuwa goma, ba a girgiza ta. Mai shuɗin murfi sai ta cika har layi, in ba haka ba INR ta fito da tsawo na ƙarya. Kuma kada a ɗiba a hannun da ƙarin ruwa ke shiga. Idan ruwan mai suga ne, za a ga suga ta tashi sama, komai kuma ya tsarmu.

Sai maganar lokaci, wadda a kanta ne ya kamata a zaɓi ɗakin gwaji. Na'urar FBC minti ɗaya take ci a kan samfur. Na ƙoda yana buƙatar kusan rabin awa jini ya daskare da minti goma a injin juyawa. Babu dalilin da zai sa gwajin gaggawa ya wuce awa ɗaya. Amma da yake an sayar da su a dunƙule, wasu wuraren ba sa sakin komai sai na ƙarshe ya fito, a riƙe sakamakon sugar da ta kai 24 a kwamfuta ana jiran ESR ta gama sauka. Sakamakon da ya iso bayan an shiga da mutum tiyata ihu ne bayan hari. Ɗakin gwaji na kirki yana sakin kowanne da zarar ya fito, yana buga waya idan lamba ta kai ta haɗari, yana rubuta awar da aka ɗebi jinin ba ranar kawai ba, yana kuma jera sakamakon jiya kusa da na yau. Waɗannan huɗun a tambaye su kafin a miƙa hannu.

Ba kowa ne ke buƙatar kunshin ba. Ɗan ƙurji a dasashi, babu zazzaɓi, baki na buɗuwa, ana haɗiya lafiya, maganinsa a buɗe haƙorin ko a cire, in ya cika dawowa a soki yatsa a duba suga. Ranar sallama ma ba a jiran CRP ta dawo 5. Idan ta sauka sau biyu a jere, zazzaɓi ya tafi, roba ta daina fitar da komai, mutum yana haɗiya yana shan maganinsa ta baki, sauran saukar a gida za ta yi. Idan ya dawo a mako na biyu aka ga ƙwayoyin daskarar da jini sun hau 500 ko 600, wannan amsar ɓargo ce ga kumburin da ya wuce, kuma takan sauka da kanta cikin 'yan makonni.